WASIƘAR BIRNIN KEBBI: Na'urar Da Ke Leƙa Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa

Zuwa ga Edita,

Na san na yi alkawari wannan mako zan ci gaba da maganar noman rani, amma ina roƙo a yi mini gafara in ajiye ta tukuna. Wani abu ya auku a gidanmu wanda na ga bai kamata in yi shiru da shi ba, ko Allah ya sa wani ya karanta ya tsira daga irin kuskuren da muka yi.

Ina da wani kawu a Argungu, Bakabe ne, manomin shinkafa, masunci kuwa tun yana yaro. Ya ba hamsin baya, amma ban taɓa jin ya kwanta ciwo ba, in ban da zazzaɓin damina. Ran nan da asuba ya tashi zai yi alwala, ya miƙa hannun dama zai ɗauki buta, sai buta ta suɓuce. Ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Ya yunƙura zai miƙe, ƙafar dama ta ƙi. Ya kira uwargidansa, ta zo ta tarar bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sosai. Amma hankalinsa garau, ya san kowa, yana jin duk abin da a ke faɗa.

Nan da nan gida ya cika. Waɗansu suka ce ai ya cika daɗewa a fadama bayan magariba, ya yi gamo da mutanen ɓoye. Waɗansu suka ce jifa ce. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, aka kira wanzami ya yi ƙaho. Haka aka kwana uku. Kada ku ce ina zargin mutanen gida, domin laifina ya fi nasu. Tun ranar farko aka buga mini waya, na ce aiki ya yi mini yawa a ofis, a dakata sai Asabar in zo. Ni ne kuwa wanda a ke cewa ya yi makaranta. Rashin sani ya fi dare duhu, amma duhun wanda ya ke zaton ya sani ya fi kauri.

Da na zo muka kai shi asibiti. Aka ɗaura masa abin awon jini a damtse, ya nuna 190 bisa 110. Likita ya ce, "Tun yaushe abin ya same shi?" Na ce, "Yau kwana uku." Ya dube ni bai ce kome ba. Can ya rubuta takarda, ya ce mu tafi wani babban asibiti inda a ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta maganaɗisu, wadda likitoci ke kira Em-Ar-Ai. A kan abin da wannan na'ura ta nuna mana, da abin da ta kasa nunawa, na ke so in yi muku bayani.

Da fari dai ya kamata a san mene ne wannan ciwo da mu ke kira shanyewar ɓarin jiki. Hannu da ƙafa da suka mutu lafiyarsu ƙalau, ɓarnar a ƙwaƙwalwa ta ke. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa dama ta jiki, ɓarin dama kuwa shi ke sarrafa hagu. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye guzuri, sai abin da jini ya kawo mata yanzu-yanzu. In jini ya yanke daga wani wuri nata, cikin 'yan mintoci wurin ya fara mutuwa. Yankewar kuwa iri biyu ce. Ko dai jijiya ta toshe, ko kuwa ta fashe jini ya malala. A ido duka biyu kama ɗaya su ke, amma maganinsu ya saɓa, har ma abin da ke warkar da ɗaya ya kan kashe mai ɗayan. Don haka ne likita ba ya son ya ba da maganin tsinka jini sai ya ga hoto.

Duk wanda ya san fadamar Gulbin Rima da rani zai gane sauran bayanin ba wuya. Akwai gulbi, akwai manyan hanyoyin ruwa da a kan janyo daga gare shi, akwai kuma 'yan ƙananan magudanai da ke kai ruwa ga kowane fange. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa haka su ke. Daga babbar jijiyar da ke tsakiya waɗansu 'yan sirara su kan tsiro su nutsa can cikin zurfin ƙwaƙwalwa, yawancinsu kaurinsu bai kai milimita 1 ba, watau kamar zaren ɗinki. Abu biyu ya sa su ke da haɗari. Na ɗaya, kai tsaye su ke fita daga babbar jijiya, saboda haka duk ƙarfin bugun jini a kansu ya ke sauka. Na biyu, kowace ita kaɗai ke shayar da fangenta, ba ta da maƙwabciya da za ta ara mata ruwa in ta toshe. Ta wannan zurfi kuwa igiyoyin da ke kai umurni ga fuska da hannu da ƙafa suka bi a cunkushe wuri guda. Shi ya sa tabo wanda bai fi ƙwayar wake ba ya kan kayar da ƙato.

Masana sun daɗe da sanin waɗannan 'yan jijiyoyi, amma a jikin matattu kaɗai su ke ganinsu. A 1868 waɗansu likitoci biyu na Faransa, Charcot da Bouchard, suka bayyana 'yan kumburi a jikinsu, suka danganta su da zubar jini a ƙwaƙwalwa. A 1965 wani likita ɗan Kanada mai aiki a Amurka, Miller Fisher, ya yi rubutu a kan 'yan ramummukan da toshewarsu ke bari, waɗanda ba su cika wuce milimita 15 ba. Mutumin nan ya yi haƙuri irin na masunci. Ya riƙa yanka ƙwaƙwalwar mamaci falle-falle, dubban yanka, yana bin jijiya ɗaya a ƙarƙashin madubin likita har ya kai daidai inda ta toshe. Abin da ya gani shi ne bangon jijiyar ya yi kauri ya lalace, kuma galibin mutanen nan masu hawan jini ne. To, amma ina amfanin ganin da sai mutum ya mutu? Abin da a ke nema shi ne a gani yana da rai.

Hoton eksire da aka gano a Jamus a 1895 ƙashi ya ke nunawa, ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin ƙoƙon kai a rufe. A 1971 aka fara ɗaukar majinyaci a Landan da na'urar Si-Ti, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro. Ita tana da sauri, tana kuma nuna jinin da ya zuba sarai, har yau ita a kan fara nema in an kawo mutum cikin gaggawa. Sai dai ɗan ƙaramin tabo sabo sau da yawa ya kan ɓace mata. A 1973 Paul Lauterbur na Amurka ya nuna yadda za a yi hoto da maganaɗisu, Peter Mansfield na Ingila kuma ya gano dabarar yinsa da sauri. Su biyu aka ba kyautar Nobel a 2003 saboda wannan aiki.

Ga yadda ta ke aiki a taƙaice. Ƙwaƙwalwa wajen kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, a cikin ruwa kuwa akwai waɗansu ƙwayoyi da a ke kira haidurojin, kowace tamkar 'yar allurar kamfas ce. In an shigar da mutum cikin babban maganaɗisu, sai allurorin nan su karkata wuri ɗaya. Sa'an nan na'ura ta aika musu da igiyar rediyo ta ture su. Sa'ad da su ke komawa mazauninsu sai su mayar da wani ɗan amo, na'ura ta kama, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Lafiyayyen nama da amonsa, wanda ya mutu da nasa, jinin da ke gudu ma da nasa. Da wannan bambanci a ke iya sa jijiyoyi su fito fari tas a hoto ba tare da an yi wa mutum allurar rini ba. Akwai ma wani salon ɗauka da ke nuna wurin da jini ya yanke tun cikin mintocin farko. Ba ta da hasken nan na eksire mai illa, amma ba ta shiri da ƙarfe ko kaɗan. Tsabar kuɗi, mabuɗi, agogo, waya, duk sai an ajiye, wanda kuwa aka taɓa sa masa ƙarfe ko na'urar zuciya a jiki lalle ya faɗa tun a ƙofa.

Da aka zo shigar da kawuna sai ya ja hannuna da hagunsa, ya ce, "Ɗana, wannan ba kabari ba ne?" Na ce, "Haba kawu, ai gado ne, ka kwanta kawai kada ka motsa." Aka toshe masa kunne saboda ƙara, domin na'urar tana buga kamar maƙera. Ya yi wajen rabin sa'a a ciki. Da ya fito ya ce ya yi ta salati har ya rasa lissafi.

Likita ya kira ni ya nuna mini hoton a allo. Can cikin ɓarin hagu ga wani ɗan ɗigo yana haske. Ya ce, "Wannan shi ne na makon nan." Sa'an nan ya sauya hoto ya nuna mini waɗansu 'yan ramummuka uku baƙaƙe, da wani fari-fari da ya bazu kamar kanwa a bakin tafki. Ya ce, "Waɗannan tsofaffi ne, sun yi shekaru. Sau uku jijiya tana toshewa bai sani ba, domin ba ta faɗa kan hanyar hannu ko ƙafa ba. Ta huɗu ce ta faɗa." Jama'a, gani ya kori ji. Ashe abin da muka ɗauka bugu ne na dare ɗaya, ɓarna ce da hawan jini ya daɗe yana yi a ɓoye, mutum yana noma yana su yana dariya.

Na ce, "To likita, nuna mini jijiyar da ta toshe ɗin." Ya yi murmushi, ya ce wannan na'ura ba ta kai nan ba. Tana nuna manyan jijiyoyi, tana nuna fangen da ya bushe, amma 'yar magudanar kanta ta yi mata ƙanƙanta. Sai na tuna da masunta. Taru mai manyan idanu giwan ruwa ya ke kamawa, ƙananan kifi su wuce abinsu. Mai son ƙanana sai ya nemi koma mai matsattsun idanu. A na'urar nan ƙarfin maganaɗisu shi ne matsin idon komar. Da tesla a ke auna shi. Wadda aka ɗauki kawuna da ita tesla 1.5 ce, wannan ma ya ninka ƙarfin maganaɗisun duniya wajen sau 30,000. Akwai mai tesla 3, akwai kuma mai tesla 7.

A 2008 waɗansu masana a Koriya ta Kudu, a ƙarƙashin Farfesa Zang-Hee Cho, suka buga hotunan 'yan jijiyoyin nan a kan mutane masu rai, da na'ura mai tesla 7, ana ganinsu sili-sili kamar saiwar albasa. Abin da Fisher ya sha wuyar nema a jikin gawa, ga shi an gani mutum yana numfashi. A 2009 suka gwada masu hawan jini da marasa shi, suka tarar 'yan jijiyoyin da ke fitowa a hoton masu hawan jini sun fi kaɗan. A 2017 hukumar Amurka ta yarda a yi amfani da mai tesla 7 wajen duba majinyata. Amfanin wannan gani shi ne likita ya bambanta ko ƙaramar jijiyar ce ta lalace da kanta, ko kuwa kitse ne a bangon babbar ya rufe mata baki, ya kuma ga ɓarnar tun ba ta kayar da mutum ba.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. Daga 2014 zuwa 2017 an yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da na Kano da na Zariya, a ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan. Sakamakon da aka buga a 2018 ya gwada majinyata 2,118 da lafiyayyu kamar wannan adadi. Aka tarar wajen kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Aka kuma lissafa cewa wajen kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo a wurinmu yana da nasaba da hawan jini. Daga baya masu binciken suka nuna cewa cikin masu toshewa, toshewar ƙananan jijiyoyi ita ta fi kowace iri yawa. Watau dai irin ciwon kawuna shi ne namu na gida. Binciken ya kuma ambaci ciwon sukari, da yawan kitse a jini, da ƙara gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye, da shan taba.

To ina mu ke game da na'urar? Wani ƙidaya da likitocin Ibadan suka buga a 2018 ya sami na'urori 84 kacal a Afirka ta Yamma duka, ga mutane fiye da miliyan 370. Guda 58 a Nijeriya su ke, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan 58 ɗin masu raunin maganaɗisu ne. An ƙaro waɗansu tun daga lokacin, amma har yanzu abin nema ne. Dalili kuwa ba tsadar saye kaɗai ba ce. Mai ƙarfin tana bukatar wani ruwan sanyi da a ke kira hiliyam, wanda sanyinsa ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri, tana bukatar lantarki da ba ya yankewa, da injiniya, da likitan da ya iya karanta hoton. A wani gefen kuma an ƙera 'yar ƙarama mai taya, wadda a ke turawa har bakin gadon majinyaci a jona ta a bango. An yarda da ita a Amurka a 2020, an kuma yi aiki da ita a Blantyre ta ƙasar Malawi. Ba ta ganin 'yan jijiyoyi, amma tana taimakon likita inda babu babba.

Saboda haka ina da roƙo iri uku. Na fari ga Gwamnati, wadda mu ke yaba mata a kan abin da ta riga ta yi. Muna da asibitin Tarayya da na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, da na Kalgo, da babban asibitin Argungu, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato mai cibiyar aikin ƙwaƙwalwa. Duk inda za a ajiye na'urar hoto, a haɗa ta da wuta tsayayya da ma'aikata da kuɗin gyara tun ran saye. A kuma shirya hanya sananniya, yadda mutumin da ya faɗi a ƙauye za a san inda za a nufa da shi ba tare da yawo ba.

Na biyu ga masu gida. Alamu uku ne: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu a ɓari ɗaya, magana ta sarƙe. In an ga ko ɗaya, a duba agogo a nemi mota. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, amma a wannan ciwo kam tana hanawa. A 2006 wani likitan Amurka ya lissafa cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Allurar narkar da gudan jini, inda a ke da ita, galibi cikin sa'a huɗu da rabi na farko a ke yin ta. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi tafiyar wajen sa'a guda ce, zuwa Sakkwato kuwa wajen kilomita 100. Mu muka mayar da ita kwana uku. Ko inda babu allurar, zuwa da wuri yana da amfani, domin za a lura da jini da sukari da numfashi. Kada a ɗura wa majinyaci ruwa ko kunu ko jiƙo, gama sau da yawa haɗiya ta kan lalace, abin ya bi ta huhu ya zama wani ciwon. Malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, ku mutane suka fi jin maganarku. In an kira ku, ku yi addu'a, ku ce a tafi asibiti yanzu. Addu'a ba ta ƙin mota, a cikinta ma a na yi.

Na uku gare mu duka, kuma shi ne ya fi girma. Duk abin da na'urar miliyoyi ta nuna a kan kawuna, ɗan abin awon nan da a ke ɗaurawa a damtse zai iya yin gargaɗinsa shekaru goma da suka wuce, cikin minti biyu. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa a ke raina shi. Duk babban mutum ya riƙa awo, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, an maimaita an sake samun haka, to ya ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, watau ƙasa da ƙaramin cokali guda, a lissafa har da na dunƙulen miya da na kifin da aka bushe da gishiri. Zogale da rama da yakuwa da alayyafo kuwa ga su nan a bayan gida. Ina ba da shawara malaman makaranta da akawuna na kowace unguwa su haɗa kuɗi su sayi abin awo, a nemi ma'aikacin lafiya ya zauna da shi ƙofar masallaci ran Juma'a, da ƙofar coci ran Lahadi, da ran kasuwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, yana tara dubban mutane a bakin Matan Fada. Me zai hana a kafa rumfar awon jini a can, kowa ya auna kafin ya faɗa ruwa?

Kawuna yana gida yanzu. Yana shan magani safe da yamma, yana zuwa gashi, ya fara takawa da sanda. Hannun dai har yau bai riƙe buta ba. Ni ma na je na auna nawa, ko da ya ke ban kai arba'in ba, aka ce ya ɗan hau, in rage gishiri in dawo bayan wata guda. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan noman rani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare masu lafiya, amin.

Haza wassalam.

Naku,
Akawu a Birnin Kebbi.